Dakon Numfashi

Ni Lawandi, shekara goma sha tara
ina tura tukunyar iska a asibitin birnin Katsina,
daga sito zuwa ɗakin maza, taku ɗari da bakwai.
Tayar hagu ta amalankena na kuka,
da ita ake gane ni tun ban iso ƙofa ba.
Sana'ata ke nan, dakon numfashi.

Da fari labari ce a rediyon maigadi.
Muka ce Allah ya kyauta, muka ƙarasa kokonmu.
Aka ware gado takwas, aka ɗaura jan ƙyalle,
mako uku ba kowa a kai sai ƙuda.
Malam Sada na Rafindaɗi ya buɗe layi,
yana ba mu haƙuri don ya dame mu, yana nishi.

Kafin a ga watan azumi, takwas ta zama sittin.
Baranda ta cika, tabarmi har gindin darbejiya.
Tukunya ɗaya, hanci uku.
Sista Asabe na duban agogo,
ta cire wa wannan, ta sa wa wancan,
kamar mai rabon guga a rijiyar rani.
Na daina ƙirga taku.
A gida ta taga Indo ke miƙo min tuwo,
ɗana na leƙe, ba dama in ɗauke shi.

Sai ta lafa.
Muka naɗe tabarmi, muka wanke daɓe.
Ashe likimo ta yi.
Bayan kaka ta dawo, ta kwantar da Dakta Mannir,
wanda ya koya min ɗaura takunkumi.
Ni na kai masa ta ƙarshe, da gudu.
Bai tashi ba. Har yau ban saba da wannan rashi.

Da ta sake janyewa, wasu suka ɓullo,
waɗanda tsoro ya zaunar a ɗaka:
mai suga da ƙafa ta ruɓe,
mai jego da ta haihu a gida, jini bai tsaya ba.
Annoba ta tafi, ta bar mu da biyan bashi.

Yau gado biyu. Jan ƙyallen ya koɗe.
Tukwanen da muka roƙa sun iso bayan shekara,
arba'in cif, suna jere a sito kamar sahun salla.
Ɗazu wani yaro ya yi atishawa a layin kati,
ni da Sista Asabe muka juya tare,
kowa ya riƙe numfashi.