Shafi na Ɗari Biyu da Tara

Na gama shi jiya, ƙarfe biyun dare,
jiragen ruwa na kuka a gindin tudun Valparaiso,
shayina ya huce ban ko kurɓa ba.

Mata huɗu ne a ciki, tun suna 'yan makaranta
har furfura ta yi musu sallama.
Na so su, ba zan ɓoye ba.
Inda suka yi karo-karo suka sayi kwat guda,
kowacce da ranar da za ta sa,
na yi dariya har Anselmo ya buga mini bango,
wai mutane na barci.

Amma marubucin nan, anya ya taɓa yin amini?
A wurinsa kowace ɓaraka da ɗinkinta,
mai laifi ta zo da hawaye, a buɗe mata ƙofa,
a ɗora tukunya.
Wace duniya ce wannan?

Ni da Fresia ko cacar baki ba mu taɓa yi ba.
Shekara goma sha tara muna feɗe kifi a tebur ɗaya,
lemon tsami guda muke rabawa mu kashe ƙarni.
Ita ta riƙe ni ranar da teku ta hana mu gawar ƙanena.
Sai ta bi mijinta Antofagasta.
Wasiƙa duk wata,
ta koma duk Kirsimeti,
ta koma kati mai hoton hamada, layi biyu,
daga nan ni ce ban amsa ba.
Babu dalili. Cewa na yi gobe.
Goben nan yanzu shekararta ashirin da shida.

Wannan babu shi a littafin.
Bai san amana kan mutu ba ciwo, ba makoki,
kamar rijiyar da aka daina ja.
An ce zumunta a ƙafa take.
Tawa ƙafar tana hawa matakala ɗari da arba'in kullum,
gidan waya ne ya gagare ta.

Sai dai shafi na ɗari biyu da tara.
Ɗaya tana wanke wa ɗaya kai a gadon asibiti,
ba wadda ta ce uffan,
tana tare kumfa da tafin hannu kada ya shiga ido.
Nan kam ya san abin da yake faɗa.
Na kife shi a cinya,
na daɗe ina kallon fitilun bakin ruwa.

Da safe na mayar da shi ɗakin karatu.
Leontina ta ce, "Ya kika gan shi?"
Na ce, "Rabinsa ƙarya ne."
Ta miƙo hannu ta karɓa,
na ce ta ƙara mini mako guda.

Katin hamadar nan na sa alama da shi.
Adireshin na bayansa, tawadar ta koɗe,
lambar gidan ko bakwai ce, ko ɗaya.