Magaribar Haya

Ƙarfe ɗayan dare a Bradford.
Tsohuwar masaƙar ulu, hawa na uku,
inda da can zare ke kuka a bakin inji,
yau haske ake saƙawa.
Fam tamanin awa guda, in ka yarda da tsakar dare,
bayan masu tallan motoci sun kwashe kayansu.
Na yarda.
Ladan mako biyu ke nan
na ɗaga tsofaffi daga gado zuwa kujera.

Bango ne baƙi, lanƙwasasshe kamar bakin ƙwarya.
Farzana ta lashe gishirin dankali a yatsa,
ta taɓa kwamfuta,
sai ga Kwara.
Ga gaɓar Yawuri da ƙanena Cindo ya zagaya da waya,
taku-taku, yana korar awaki daga hoto,
ya turo min cikin dare uku
saboda sabis na zuwa ne kamar mai bin bashi ya gaji.

Da, irin wannan bango sai masu gidan rana.
Mu namu leƙe ta taga.
Yau manhajar da ɗan maƙwabciyata ke harbin dodanni da ita
ita ce ta ɗauko min kogi kyauta.
Kowa ya daɗe ya ga daɗau.

Abin da na kawo da hannuna:
yashi buhu huɗu daga shagon magina,
rabin kwalekwale na falanki,
da Baba Jatau,
direban bas mai ritaya,
shekara talatin da ɗaya rabonsa da gida.
Shi zai zama mahaifina.

Ya tsaya. Bai ce uffan ba.
Can ya ce, "Wannan ruwan ƙarya yake yi.
Wa ya taɓa ganin Kwara shuɗi?
Ku dama shi, kamar kunun da aka manta a kofi."
Farzana ta dama.
"Rana ta yi sama, masunta ba su dawo ba tukuna."
Ta ja ta ƙasa da ɗan yatsa
kamar mai sauke tulu daga kan yarinya.

Astagfirullah, na ce a zuci,
mun tsayar da magariba awa uku
tana jiran tsoho ya tuna layinsa.
Duk inda kyamara ta juya, kogin ya juya da ita,
ba gardama.
Ja-jan hasken ya kwanta a kuncinsa,
shi kam ba na ƙarya ba ne,
na gan shi cikin ƙwallar da bai yarda ta zubo ba.

A ɗauka ta tara ya ajiye filafili,
ya taka yashin, ya wuce alamar da na manna masa,
ya miƙa hannu zai sha.
Tafinsa ya tarar da bango mai ɗumi,
ƙananan fitilu kamar ƙwayar gero.
"Ba ƙamshin banda," in ji shi.
"Ko ƙuda ɗaya babu."
Muka yi dariya har da Farzana
da ba ta ji me aka ce ba.

Ban yanke ba. Na bar kyamara tana ci.
Ba ya cikin takardata,
amma shi ne fim ɗin.

Ƙarfe huɗu cif aka kashe mana rana.
Muka share Yawuri da tsintsiya, muka mayar buhu.
A waje yayyafi, fitilun titi, sanyi mai shiga haƙori.
Kogin yana aljihuna, cikin abin da bai kai ɗan yatsa ba.
Baba Jatau ya zauna a bencin jiran bas,
ya cire takalmi ɗaya, ya zazzage yashi a tafinsa,
ya daɗe yana kallo.
Bai zubar ba.