Ajin Dare a Agege

Bayan isha'i nakan ɗaure bakin buhun albasa,
in wanke hannu, warin ya ƙi fita,
in tsallaka layin dogo
zuwa ajin da yara suka bari da rana.
Bencin ya yi mana kaɗan.
Gwiwata na gugar ta Obiora mai kayan mota,
shi warin baƙin mai, ni warin kasuwa,
ba mai toshe hanci.

Malama Adunni ta daɗe da ajiye alli,
saboda mu ta sake ɗauka.
Ba ta fara da baƙi da wasali ba.
Ta ce kowa ya faɗi abin da uwarsa ke cewa
in ya yi tuntuɓe.
Na ce, sannu.
Obiora ya ce, ndo.
Ita ta ce, pele, ta ja shi kamar mai shafa ciwo.
Terhemba ɗan acaba ya duƙar da kai:
tasa ta rasu bai yi wayo ba.
Sai muka ara masa namu, duka ukun.

Daren da aka ɗauke wuta
muka haska allo da wayoyinmu.
Kalma biyu ta rubuta: AN CE.
Ta ce, wannan ba shi da gida, ba shi da lambar waya,
amma ya fi ashana saurin cin rumfa.
Na tuna ranar da na yi gudu da takalmi ɗaya,
na bar ciniki a faranti,
don an ce suna zuwa.
Obiora ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.
Ashe shi ma ran nan ya gudu,
an ce masa ni ne ke zuwa.

Ba wai mun zama waliyyai ba.
Sahun Juma'a har yanzu yana tare masa ƙofar shago,
lasifikar cocinsu na hana ni barcin Lahadi.
Sai dai yanzu mukan yi ƙorafin ido da ido,
da gasasshiyar masara a hannu.

Jiya ruwa ya cika kwata, ya shafe hanya,
santsi ya kwashe ni da buhu a ka.
Albasa ta watse tana iyo.
Wani ya kashe babur a bayana,
ya ce sannu, ndo, pele,
a jere, da karkataccen harshe.
Tun ban juya ba na miƙa hannu.