Ina Kuke?

Daren da Baba Issaka ya faɗi a bakin famfo,
buta a hannu, alwala rabi,
na kira lambar gaggawa.
Muryar ta ce, ina kuke?
Na ce Aboabo.
Ta ce, Aboabo ta ina?

Na ce, ka san masallaci mai koren kwano?
Wuce shi, bi bakin kwata
har inda Mma Adiza ke suyar ƙosai.
Ya ce, 'yar'uwa, ƙarfe biyun dare ne,
babu mai suya.

Muna jin jiniyar motar asibiti
tana kewaya unguwa
kamar akuyar da ɗanta ya ɓace,
ta matso, ta yi nisa, ta matso.
Ƙarshe ƙyauren ɗaki muka cire,
mutum huɗu, kowa da kusurwarsa.
Kwabena ya sauke buhunan gawayi daga aboboya
ya kai mu Manhyia.
Minti hamsin.
Likita ne ya ƙirga mini su, bai ɗaga kai ba.

Ya rayu. Ɓarin dama ne bai dawo tare da mu ba.

Wata bakwai ke nan ina gina manhaja
a kan teburin ɗinkinsa,
keken na gefe, an rufa masa zane.
Taswirar cikin waya ta san Adum,
ta san Kejetia rumfa rumfa,
da ta iso wajenmu sai ta yi fari fat,
kamar ba a taɓa yanke cibiyar kowa a nan ba.
Ni ke cike farin da ƙafata:
lungun da mota ke shiga,
lungun da sai babur,
lungun da sai kafaɗa.
Gadar katakon da ruwa ke sacewa duk damina.
Kantin maganin da ke kaiwa asuba.
Nas Barikisu, ƙofa ta uku bayan injin niƙa,
wadda ba ta kashe waya.

Zubin farko na ƙawata shi,
launi shida, Turanci kamar takardar banki.
Na miƙa wa Baba.
Ya daɗe yana kallo,
sannan ya ce da rabin bakin da ya rage masa:
Fuseina, mai firgita ba ya karatu.

Na goge.

Ya ce maɓallin ya yi ƙanƙanta.
Yatsan tela ne, allura ta mai da shi fatar ganga,
kuma hagu ce, baƙuwa a wajen aiki.
Na faɗaɗa shi har ya kai murfin kwalba.
Uku kacal na bari:
wuta, ciwo, ɓarawo.
Na sa murya, Hausa da Twi da Dagbanci,
tana cewa, an ji ka, kada ka ajiye.
In data ta ƙare fa? in ji shi.
Wannan ta cinye mini sati uku
da rabin kuɗin haya.

Har yanzu wani lokaci ɗigon yakan yi ƙarya,
ya ajiye gidanmu a tsakiyar kwata.
Har yanzu ofishin da na kai wa takarda
suna cewa in dawo Litinin.

Jiya, wajen ƙarfe biyu,
wayata ta yi kururuwa.
Jan ɗigo. Gidanmu, daidai, ba kuskure.
Na fita ba takalmi, na buge gwiwa da turmi.

Yana zaune a bakin gado,
hasken waya a gemunsa.
Ya ce, gwaji ne. Minti nawa?
Na ce, Baba, bango ɗaya ne tsakaninmu.
Ya ce, duk da haka.
Rubuta.