Awon Ƙafar Baba

Dillali yana ta yabon inji,
ni kuwa Baba na kawo, shi ne ma'aunina.
Mamuda ya ɗaga murfin jif ɗin, wai in saurari muryarta,
na ce rufe, ƙofar baya za ka buɗe min.

Shekara ashirin da bakwai,
daga Tudun Wada zuwa masaƙar Kakuri,
Baba na naɗe ƙafafunsa a bas kamar tabarmar aro,
gwiwa a bayan kujerar wani,
kwandon tumatirin wata a kan idon sawunsa,
kwandasta na ihu: a matsa, saura mutum ɗaya!
Dogo ne. Ba a yi shawara da maƙeran bas ba
ranar da aka raba ƙauri.

Ta farko baƙa ce, sai sheƙi,
ya shiga, gwiwarsa ta gaisa da kujerar gaba.
Ya fito, bai ce uffan ba.
Ta biyu, hularsa ce ta yi rigima da rufi.
Ta uku mai ruwan toka, da tabo a ƙeya,
Mamuda ma bai so nuna ta ba.
Baba ya zauna.
Na tura kujerar gaba har ta ce ƙas,
na ɗan kwantar masa da majingina,
na auna da hannuna:
ɗani guda da yatsa uku
tsakanin gwiwarsa da duniya.

Na ce, Baba, miƙe.

Ya dubi filin kamar gonar da ba tasa ba.
Ƙafafun na nan a naɗe,
sun haddace zaman bas,
suna jiran wanda za a matsa wa.
Ya ce, Lantana, haka ma ya isa.

Na biya. Har yau ban san muryar injin ba.

A titin Ali Akilu ruwa ya sauko,
cunkoso ya riƙe mu kafin gadar Kawo.
Ta madubi na ga ƙafar hagu ta leƙo
a hankali, kamar kunkuru bayan yara sun watse.
Ta dama ta jira, ta jira,
sannan ta bi 'yar'uwarta.
Takalmi ɗaya ya suɓuce.
Sai minshari.

Kwanar gida ta zo, na wuce ta.
Mai da tsada, na sani,
allurar tanki ma tana hararata.
Na sake zagaya shataletale,
na rage gudu a kan kowane rami.