Ragar Kawu Nomau

Kwalbar ta iso teburina da hantsi,
sunansa a jiki da biro mai zuba:
Nomau Gado, Yelwa, sittin da biyu.
Na girgiza fitsarin kaɗan. Kumfa ta taso
kamar an kaɗa omo a kwano,
ta ƙi kwanciya.

Shi ya koya mini ɗinkin raga
a bakin Kwara, ina 'yar bakwai.
Ya ce ido in ya yi faɗi
ƙananan kifi ke fara guduwa,
sannan karfasa ta bi sahu,
ka ja ruwa zalla zuwa gida.

Yau ragar cikinsa ce ta saki.
Abin da ya kamata ƙoda ta riƙe
shi ke bin ruwa.
Ƙafarsa ta ƙi shiga takalmi,
da safe idonsa a kumbure
kamar wanda ya kwana kuka,
shi da ko a jana'iza ba ya yi.

Na zauna bakin gadonsa na ce, Kawu,
akwai wani ɗan aike a jikin mutum,
histamin ake ce masa.
Shi ke tayar da fata in zuma ta harbe ka,
ya buɗe hanyoyin jini,
ya kira mayaƙa su zo wurin rauni.
Aikin kirki ne, in ya san lokacin tashi.
Amma in ƙoda ta ɗau zafi
yakan tsaya yana ta buɗewa,
ƙofar da ya buɗe ta manta rufuwa.
Ba shi kaɗai ba ne, in ji likita,
masu laifin da yawa,
wasu har yanzu ba a gama sanin su ba.

Ya daɗe yana sosa dantsensa.
Ya ce, to shi ɗan aiken wa ya aike shi?
Na ce, jikinka.
Ya yi dariya har da tari:
ashe ɓarawon ɗan gida ne.

Inna Kulu ta ɓoye gishiri a buhun gero,
miya ta zama lami, yana sha yana mita.

Da dare na leƙo kafin in tashi aiki.
Yana barci, ledar ruwa na ɗiga a hankali,
yatsunsa na motsi a kan bargo,
ɗauri ɗaya, ja,
ɗauri ɗaya, ja.

Na koma na cike takardarsa.
A gaban furotin, alamar tarawa uku.
Na sa hannu. Biron ya zuba a yatsana.