Tokar Ɓawon Koko

A aji an ce mana minti uku ne kacal:
ki tsaya gaban masu kuɗi,
ki faɗi ciwon, ki faɗi maganin, ki yanka farashi,
kar ki sosa kunne, kar ki kalli takalminki.
Farfesa Amoako yana riƙe da agogo
kamar mai jiran ƙwai ya dahu.
Ni da na shekara huɗu ina gadin tukunya ɗaya,
yaya zan juye ta a cokali?

Shekara huɗu
daga Aboabo zuwa Tek a torotoro,
buhun ɓawon koko a kan cinyata,
yaron mota yana karɓar kuɗin mutum biyu.
Na ƙona, na jiƙa, na tace, na zubar,
wuta ta ɗauke, na sake daga fari,
har tokar ta gaji da musu
ta ba ni wani ruwa mai launin shayi
da na zauna da shi kwana tara ban gaya wa kowa ba.

Sai baƙi suka zo daga Holan,
mace da namiji, hancinsu ya yi ja da ranar Kumasi.
Mutanen kirki ne, ban ɓoye ba.
Sun ci wake da shinkafa da hannu, sun yi hawayen barkono,
sun tambayi abin da malamaina ba su taɓa tambaya ba.
Suna da injin da ba mu da shi,
muna da ɓawon da ba su da shi.
Aka tafa. Aka ɗauki hoto a gindin tuta biyu.

Takardar shafi goma sha tara ce.
Kashi hamsin na kamfani,
talatin da biyar na jami'a,
goma sha biyar nawa.
Na haɗa sau uku, ɗari ne cif,
kuma cikar nan ita ta hana ni barci,
don babu ko tsagin da Iya Sahura za ta sa ƙafa.

Ita ce ta fara ƙona ɓawon nan
tun kafin a haifi ubana.
Shekara arba'in tana curin sabulu a bayan gida,
tana kai wa Kejetiya a kan ganwo.
Toka ta cinye zanen yatsunta,
na'urar banki ma ta ƙi gane babban yatsanta.
Da harshe take gwada kaifin ruwan toka.
Ni na zo na sa masa lamba, da sunan Latin.

Na kai mata takardar da magariba.
Ta ɗora ta a tafin hannu, ta jinjina,
kamar yadda take jinjina curin sabulu.
Ta ce, "Ba nauyi."
Na karanta mata, na fassara abin da ke fassaruwa.
Ba ta tambayi sunanta ba.
Ta ce, "Zuwaira, ciniki ba faɗa ba ne, ki yi da su.
Amma wa ke riƙe da mudun?
In sun auna a garinsu, wa ya gani?
Kuma masu kawo ɓawon daga Tepa,
sidi nawa buhu, bana da baɗi?"

Minti ɗaya ba ta cika ba.

Gobe ƙarfe goma za a sa hannu.
Na goge farar rigata.
A gefen shafi na goma sha ɗaya
na rubuta tambaya uku da fensir,
hannuna yana ɗan rawa.
A tsakar gida Iya tana motsa tukunya,
hayaƙin yana shigowa ta taga
yana kama takardar.
Bari su sha ƙamshin, ko sa tambayi na mene ne.